Ɗan Talakan da Ciwon Damuwa Ya Fitar Daga Kwaleji, A Bar Masa Ƙofa a Buɗe

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa, da ku 'yan kasuwar Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, yau za mu taɓo wata magana wadda kowa ya san da ita, amma ba mai so a ji ta daga bakinsa.

Akwai wani irin yaro da ake gani a kasuwanninmu. Yana zaune bayan rumfar ubansa ko ta wansa, kai a sunkuye, in an aike shi neman canji sai ya manta nawa aka ba shi. Bara waccan aka raka shi tasha da akwati da ƙullin gari, mata suna ta yi wa uwarsa barka, ana cewa ya sami kwaleji. Yau ga shi nan. In ka tambayi uban sai ya ce makaranta ce ta yi hutu, ko kuwa ya ce yaron ba shi da rabo a boko, ya yi maza ya kawar da zancen. Maƙwabta kuwa kowa da abin da yake faɗa a bayan ido. Wannan ya ce lalaci ne, wancan ya ce shaye-shaye ya soma, wata ta ce kishiyar uwarsa ce ta sa masa hannu.

Mu dai abin da muka gani shi ne, da yawa daga cikin yaran nan ba su da lafiya ne, kuma ciwon da ke damunsu yana da suna, yana da magani. Likitoci suna kiransa ciwon damuwa. Ra'ayinmu kuwa a fili yake: yaron da wannan ciwo ya fitar daga kwaleji yana da hakkin a yi masa magani, a ajiye masa gurbinsa, ya koma ya ƙarasa karatunsa, kamar dai yadda za a yi wa wanda ya karye a ƙafa ko wanda zazzaɓin taifot ya kwantar.

MENE NE WANNAN CIWO?

Kada wani ya ɗauka muna maganar ɓacin ran da kowa ke yi ne. Ɗan kasuwan da kayansa suka faɗi yakan kwana biyu ba ya walwala, ran kasuwa ta gaba ya ci riba ya manta. Wannan ba ciwo ba ne, zaman duniya ne. Ciwon damuwa shi ne ƙuncin zuciya ya sauko wa mutum ya zauna, kusan kullum, daga safe har dare, har mako biyu ko fiye, ya zama abin da dā yake jin daɗinsa yanzu ba ya yi masa armashi ko kaɗan. Barci ya ƙaurace masa, ko kuwa ya yi ta kwanciya ba ya iya tashi. Abinci ya fita ransa. Gajiya ta rufe shi alhali bai ɗauki ko kara ba. Ya riƙa ganin kansa ba shi da wani amfani, ya zama kaya ga iyayensa. In abin ya tsananta har yakan ga mutuwa ta fi masa.

Ga ɗan makaranta kuwa, mugun abin shi ne ciwon yakan kama inda jarinsa yake, watau kai. Sai ya buɗe littafi ya karanta shafi ɗaya sau biyar, ya rufe bai riƙe kome ba. Malami yana bayani, shi yana kallon allo kamar wanda ake yi wa wani yare. Ku tuna da maɗinki da ciwon ido ya kama, ko mai turin kura da ƙafa ta kumbura. Wa zai ce da su malalata? To, ɗalibin da damuwa ta kama haka yake, sai dai shi rauninsa ba ya jini, shi ya sa ba a tausaya masa.

Ba kuwa ciwon Turawa ba ne, ba na masu kuɗi ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum wajen miliyan 280 ne ke fama da shi a duniya, kuma ya fi kama mata bisa ga maza. A wani lissafi da ta fitar a 2017 ta ce a Nijeriya kaɗai akwai mutum sama da miliyan 7. Yakan kuma soma ne sau da yawa a shekarun samartaka, watau daidai lokacin da yaro ya bar gaban iyayensa ya tafi kwaleji, ya tarar da yunwa da kaɗaici da tsoron jarrabawa sun taru sun yi masa maraba. Ɗaliba mai aure kuwa tana da nata ƙarin haɗari, domin cikin mata goma masu ciki ko masu jego akan sami fiye da ɗaya da wannan ciwo ya taɓa.

JARIN WA YA NUTSE?

Ƙasar nan tamu ba ta rasa makarantu ba. A Kazaure akwai kwalejin kimiyya da fasaha mai sunan marigayi Sarkin Kazaure Husaini Adamu, wadda ta soma a hannun jiha a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa, daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta. Akwai makarantar koyon ilmin kwamfuta da jama'a ke kira Informatics. A Babura kuma an kafa jami'ar fasaha ta tarayya a 2021. Su wa ke cika ajujuwan makarantun nan? 'Ya'yan manoma ne, da na masu awo, da 'yan koli, da mahauta, da direbobi, da matan da ke suyar ƙosai.

Ku da kuke kasuwa kun fi kowa sanin yadda ake haɗa kuɗin rajista. Uwa ta ɗauki adashinta na shekara. Uba ya sayar da ɗan tunkiyar da ya yi kiwo don layya, ko ya fitar da buhun gero tun kaka farashi bai tashi ba. Ƙanen yaro ya haƙura da sabuwar riga ran salla. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota daga Gwiwa ko Roni zuwa makaranta shi kansa ya zama abin lissafi. Duk gidan ya zuba jarinsa a kan mutum ɗaya. In yaron nan ya yi shekara guda ciwo ya kayar da shi, aka soke sunansa, ba karatunsa kaɗai ya tafi ba, jarin gida ne ya nutse. Shi kuwa ya san haka sarai, sanin nan ne ma ke daɗa danne shi, har ya kasa haɗa ido da uwarsa.

Yanzu ku dubi ɗan mai hali. Shi ma wannan ciwo yana kama shi, domin ciwo ba ya tambayar sunan uba. Amma sai a sa shi a mota a asirce a kai shi wurin babban likita a Kano ko Abuja, a rubuto takarda, uban ya ɗaga waya, a ajiye masa gurbinsa, baɗi ya koma kamar ba a yi ba. Ba mu yi masa hassada ba, haka ya kamata a yi wa kowa. Abin da muke tambaya shi ne, don me ciwo ɗaya zai zama hutun shekara ga ɗan wane, ya zama ƙarshen karatu ga ɗan talaka?

ABIN DA AKE CEWA, DA AMSARMU

Mun san akwai masu ja, kuma cikinsu akwai dattawan da muke ganin girmansu. Bari mu ɗauki maganganunsu ɗaya ɗaya.

Waɗansu suna cewa rashin tawakkali ne, wai mai imani ba ya damuwa. Haba jama'a! Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta. Labarin Annabi Yakubu da abin da baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya yi wa idanunsa, yaran makarantar allo ma sun san shi. Fiye da shekara dubu da suka wuce, wani malamin Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya wallafa littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanadi sananne da wanda ke sauko wa mutum ba gaira ba dalili, ya nuna cewa shi wannan na biyun tushensa a jiki yake, yana bukatar magani. Addu'a wajibi ce, ba mu ce a bar ta ba. Amma mai ciwon sukari yana addu'a yana shan maganinsa, ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. Addininmu ya hore mu da neman magani.

Waɗansu kuma suna cewa ai talauci ne kawai, a ba yaro abinci da kuɗin kashewa ka ga ya warke. A nan akwai gaskiya, ba za mu musa ba. Yunwa da bashi da yajin aikin malamai, irin na 2022 da ya rufe jami'o'in ƙasar nan wata 8, duk suna tura yaro cikin ramin. Amma wanda ya faɗa rijiya ya karye, fitar da shi daga rijiyar ba ya ɗora masa ƙashi. Sai an yi duka biyu, a rage masa wahala, a kuma yi masa magani.

Akwai masu cewa a yi masa aure, ko a aurar da ita, hankali zai kwanta. Wanda ya kasa ɗaukar tulu ɗaya, a daɗa masa na biyu? Sau nawa muka ga an yi haka, aka koma ana jinyar mutum biyu, ga kuma jariri?

Sai babbar magana, wadda ba a faɗa da ƙarfi: tsoron a ce akwai taɓin hankali a gidan, 'yan'uwansa mata su rasa masu nema. Wannan tsoro shi ke sa a ɓoye yaro a ɗaki har ciwo ya ci ƙarfinsa. Ku sani mai ciwon damuwa yana cikin hankalinsa, ya san kowa, ya san abin da yake yi, ba ya jifa ba ya duka. Ko da ma a ce ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani ne, shi ma ciwo ne, ba abin kunya ba. Ɓoyon ba ya tsare mutuncin gida, jinkirta magani kawai yake yi.

Daga ƙarshe akwai malaman makaranta da ke cewa in aka buɗe wannan ƙofa, duk malalacin da ya faɗi jarrabawa zai zo ya ce damuwa ce. To, ai ba a hana karɓar kuɗi a kasuwa don akwai jabu, dubawa ake yi. Likita ne zai duba ya ba da shaida, kamar yadda ake yi a kowane ciwo. Gara malalaci ɗaya ya sulale da a kori majinyata goma.

DOKA TA CANJA, HALI BAI CANJA BA

Shekara da shekaru dokar da ke hukunta al'amarin masu ciwon ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ita ce wadda Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1916, aka sabunta ta a 1958. Dokar nan ba ruwanta da warkarwa, abin da ta sani shi ne a kama mutum a tsare. Wannan tunani na kamawa da tsarewa bai tsaya a ofis ba, ya shiga cikin gari. Kowa yana tune da 2019, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe waɗansu gidajen mari a Kaduna da Daura, nan kusa da mu, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa, yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna tsammanin gyara ake yi musu.

Ba kuwa don an rasa wanda ya nuna wata hanya ba. Tun 1954 wani likita ɗan ƙasar nan, Dokta Adeoye Lambo, ya soma wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyaci zai sauka a gidan mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, ya je asibiti da rana ya karɓi magani, da yamma ya komo cikin jama'a. Ya nuna wa duniya cewa mutum ya fi saurin warkewa in ba a raba shi da mutane da aikin yi ba. Daga baya har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta rubuta a takarda cewa lafiyar ƙwaƙwalwa tana cikin ayyukan ƙananan asibitocin karkara. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta hana a nuna wa majinyaci wariya, ta wajabta a rufa masa asiri, ta kuma yi tanadin sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya da asusun kuɗi don wannan aiki.

Duk wannan madalla. Amma mu talakawa mun daɗe da sanin cewa doka a takarda kamar hatsi ne a rumbun wani, sai an auna maka ka san naka ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane. Mu nan Allah ya taimake mu, akwai asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa na jiha a cikin Kazaure, ga na Dawanau a Kano, ga sashen da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Abin mamaki, kwaleji da asibitin suna gari ɗaya, amma ɗalibi ya gwammace ya haɗiye ciwonsa da a gan shi a bakin ƙofar asibitin, don gudun abin da za a ce. Wanda bai sami maganin gaskiya ba kuwa, mai maganin ƙarya yana jiransa a lungu. Gwamnati ta hana harhaɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, amma ƙwayoyi ba su ƙare ba. Yaro nawa ne muke kira ɗan ƙwaya alhali da fari barci kawai yake nema?

ABIN DA MUKE NEMA GA MAHUKUNTA

Ba mu zo da kuka kaɗai ba. Ga bukatunmu, kuma ba wadda ta fi ƙarfin mai niyya.

Na ɗaya, kowace kwaleji da jami'a da ke ƙasar Kazaure da Babura ta rubuta a fili, da Hausa da Turanci, ta manna a allon sanarwa, cewa ɗalibin da likita ya tabbatar yana da ciwon damuwa yana iya jingine karatunsa zango ɗaya ko shekara guda, gurbinsa yana nan, sakamakonsa na baya yana nan. Jingine karatu saboda rashin lafiya ba baƙon abu ba ne a manyan makarantu. Abin da ya rage shi ne ɗan talaka ya san da shi tun kafin ya ɓace daga aji, a kuma lissafa wannan ciwo cikin rashin lafiya.

Na biyu, wanda ya riga ya ɓace ba tare da takarda ba, domin mai wannan ciwo ba ya iya bin ofis ofis yana cika fom, a karɓi shaidar likita ko da daga baya ta zo. Kada a ce ya makara. Makarar tana cikin alamun ciwon.

Na uku, kuɗin rajistar da ya biya na zangon da bai ƙarasa ba, a ajiye masa shi ya zama na zangon da zai komo. Ko a kasuwa, wanda ya ba da kafin alƙalami rashin lafiya ta hana shi zuwa ɗaukar kaya, ɗan kasuwan kirki ba ya cinye masa. Haka kuma asusun ba ɗalibai rance da aka buɗe a 2024, da hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, kada su soke sunan yaro don ya yi jinya.

Na huɗu, a sa a ɗakin shan magani na kowace makaranta a sami aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka koya wa gane wannan ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari tun 2008 na koya wa malaman asibiti da ungozomomi wannan aiki a inda babu babban likita, kuma an gwada shi a Nijeriya. A haɗa da ƙananan asibitocin Roni da Gwiwa da Babura, domin yaron da ya koma gida jinya kada sai ya biya kuɗin mota mai nisa kafin ya karɓi maganin wata.

Na biyar, asiri. Takardar likita ta tsaya tsakanin ɗalibi da likita da jami'i ɗaya. Duk ma'aikacin da ya mai da ciwon ɗalibi abin hira a gindin bishiya, a hukunta shi.

Na shida, wanda ya komo a sassauta masa a zangon farko, a bar shi ya ɗauki darussa kaɗan, ya biya bashin jarrabawarsa sannu sannu. Ba mu ce a ba shi makin da bai ci ba. Lokaci muke roƙa masa, ba alfarma ba.

Na bakwai, dokar laifuffuka da aka kafa wa Jihar Arewa a 1959 ta sa wanda ya yi yunƙurin halaka kansa cikin masu laifi. Duk inda wannan sashe ya rage, a soke shi. Wanda ciwo ya kai shi wannan matsayi likita yake bukata, ba alƙali ba, kuma tsoron 'yan sanda yana sa iyaye su ɓoye yaro a lokacin da ya fi bukatar asibiti.

Wakilanmu da ke majalisar Dutse da ta Abuja, ga aiki ya same ku. Za mu tambaye ku inda kuka kwana.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Amma fa kada mu ɗora wa Gwamnati duka mu koma gefe. Akwai abin da ba mai yi mana sai mu.

Iyaye, in yaro ya komo daga makaranta ya canja, ya daina cin abinci, ya daina fita, kada a fara da zagi da gori. A zauna da shi a tambaye shi a hankali, a kai shi asibiti da wuri. In likita ya ba da magani, ku sani ba ya aiki ran da aka soma, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin a ga sauƙi. In sauƙi ya samu kuma kada a yar da shi, akan ci gaba da sha wata shida ko fiye, sai likita ya ce a rage. Da yawa daga masu komawa ruwa, daina magani da wuri ne ya mai da su. Kada a saya a kemis da ka, kada a karɓi ragowar na wani. Ba kowa ne ma ke bukatar ƙwaya ba, wanda nasa bai yi tsanani ba zama da masani a tattauna yakan wadatar. In kuwa yaro ya soma cewa gara ya mutu ya huta, kada a ce wasa yake yi, kada a ce neman suna ne. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai cuci kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar.

Ku kuma 'yan kasuwa, da sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyi, kuna da adashi, kuna da asusun da kuke taimakon wanda gobara ta ci rumfarsa. Ɗan abokin sana'arku da ya yi jinya yana so ya koma makaranta, shi ma gobara ce ta shiga gidan. Ku haɗa masa kuɗin mota da na magani. In yana zaune a rumfa kafin ya koma, ku ba shi ɗan aikin da zai iya, rubuta bashi ko lissafin kaya, domin zaman banza abincin wannan ciwo ne. Ku kuma kama bakin yaranku, kada a laƙaba masa suna. Suna ɗaya da aka laƙa wa yaro a kasuwa yana iya rushe aikin likita na wata shida. Malamanmu na masallatai, kalma ɗaya daga bakinku ran Juma'a cewa wannan ciwo ne, neman maganinsa halal ne, ta fi shafi goma na jaridar nan.

GARE KA, ƊANMU

Kai kuma da wannan abu ya sama, ko ke 'yarmu, in wani ya karanta muku wannan shafi, ku saurara. Ba kai ka jawo wa kanka ba, kuma ba kai kaɗai ba ne. Ana warkewa. Amma kada kunya ta sa ka yi gaggawar komawa tun ƙafarka ba ta tsaya ba. Ka bari sai barcinka ya daidaita, sai ka ga kana iya zama da littafi rabin awa ka tashi da wani abu a kai, sa'an nan ku yi shawara da likitanka. Kafin ka tafi ka san inda za ka riƙa karɓar magani a can, da ranar da za ka koma ganin likita. Ka zaɓi mutum ɗaya amintacce a makaranta, aboki ko malami, ka gaya masa halin da kake ciki, domin in ya ga ka kwana biyu ba ka fito ba ya ƙwanƙwasa maka ƙofa. Kada ka raba dare kana karatu don ka rama abin da ya wuce, rashin barci shi ne ƙofar da ciwon ke komowa ta ciki. Ka ci abinci ko ba ka so, ka je jam'i, ka taka ƙafa ka zaga. Ka nisanci duk wanda ya miƙo maka ƙwaya ya ce za ta buɗe maka kai.

Za ka tarar abokan ajinka sun wuce ka, waɗansu ma sun gama, za ka zauna da ƙannenka. Wannan zai yi ciwo, ba za mu ruɗe ka ba. Amma takardar shaida ba a rubuta mata shekara nawa mutum ya yi jinya. Manomin da shukarsa ta farko ta ƙone ba ya barin gona, yakan jira ruwa ya sake zuba iri, kuma ran kaka ba mai tambayarsa wane wata ya shuka. In ma ciwon ya sake leƙowa, ba faɗuwa ka yi ba, ka koma wurin likita da wuri kamar yadda mai ciwon hawan jini ke yi.

Mu dai mun faɗi tamu. Yaron nan da ke bayan rumfa ɗanmu ne, kuɗin gero da na ƙosai aka tura shi makaranta da su, kuma ƙasar nan tana bukatar injiniyan da malamin da ke cikinsa. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya boko ba, wanda kuma ya san gidan da ake ɓoye irin wannan yaro ya je ya yi sallama. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sawwaƙe mana baki ɗaya, amin.